Mahiyyar Baban Aishatu

Laraba, 6 ga Satumba 1967, da hantsi

Tahuna, gidan niƙanmu, ba ta tashi ba yau. Tun da aka kafa ta ban taɓa farkawa ban ji ƙugin injin niƙa ba sai ran Juma'a. Hillarmu, ɗan ƙauyen nan namu, ta yi tsit, har kwaɗin tur'a, magudanar da ke kai wa gonaki ruwa, ake ji da rana.

Ba zan rubuta abin da na gani jiya ba. Ina bakin ƙofar tahunar da kwanon dawata a ka. Mati, wanda ke kula mana da injin, yana asibitin Hasahisa yanzu. Maigidana Alhasan, Baban Aishatu, shi ya saɓa shi a kafaɗa cikin lakar nan mai danƙo har bakin hanya, ya tare lori. Jallabiyarsa tana cikin ruwa tun jiya. Na sake ruwan, na sake, jinin bai fita ba.

Tahunar nan tamu ce, ta jam'iyyar haɗin gwiwa. Kowa ya sa hannun jarinsa aka saye ta, masu hawasha, wato gonar auduga da hukuma ke ba mutum ya riƙe, da 'yan ƙodago da mata. Ni ma ina da nawa, daga kuɗin gyaɗar da nake soyawa. Mutum uku muka zaɓa su riƙe mana ita, su ne lajna: Baban Aishatu shugaba, Yaya Maliki, wana da muke ciki ɗaya, ma'aji, sai Abdussalami mai rubutu. Jiya cikin su ukun mutum ɗaya ne ya bi lorin.

Alhamis, 7 ga Satumba, bayan La'asar

Baban Aishatu ya dawo. Ya ce Mati zai rayu, sauran kuma bai faɗa da ƙarfi ba. Na sa masa kisra da miyar kuɓewa, ya dube su ya ce sai an jima.

Na je wurin Hadizatu matar Mati. Ba ta kuka. Tana zaune a bakin angareb, gadon igiya, da rigar mijinta ta Juma'a a cinya. Ta ce, "Sakina, tela zai iya rage hannun riga ɗaya, ba ta yi muni ba?"

Na ce zai iya. Sai na share mata tsakar gida na dawo.

Asabar, 9 ga Satumba, da hantsi

Yaya Maliki ya zo da Abdussalami. Na kai musu gahawa a jabana ƙarƙashin rumfa, na koma gindin murhu. Zanan gidanmu ba ya riƙe magana.

Ashe tun kafin ranar Talata suna da zance a tsakaninsu. Wani jami'in jam'iyyu ya zo daga birni ya gaya musu cewa lajna tana iya yanka wa kanta mahiyya, wato albashin wata-wata, sai ƙarshen shekara a sanar da masu hannun jari. Yaya da Abdussalami sun amince. Saura hatimin shugaba.

Yaya ya ce, "Alhasan, mu biyu ne, kai ɗaya. Doka ta ba mu. Buga hatimin mu wuce wurin."

Baban Aishatu ya ce, "Doka ta ba mu, amma kuɗin ba na doka ba ne. Na Iya Ramatu ne da ta sayar da tunkiyarta. Na Mati ne. Ban ce kada a biya mu ba, Maliki, na fi ka buƙata. Na ce waɗanda ke da tahunar su za su faɗa, kuma kafin a taɓa, ba bayan an cinye ba."

"A wannan makon za ka tara su? Da abin da ya faru? Ai jifan mu za su yi."

"To, su jefa. Nasu ne."

Abdussalami sai juya finjalinsa yake yi. Da za su tafi Yaya bai leƙo ya yi mini sallama ba.

Na daɗe da sanin mutumin nan ba ya ɗaga murya. Yau na ga ba ya sauke ta kuma.

Lahadi, 10 ga Satumba, bayan Magariba

An yi ruwa. Ciyawa tana murna.

Litinin, 11 ga Satumba, bayan Azahar

Na je hawasharmu da safe. Audugar ta fito da kyau, amma sai ka durƙusa ka gan ta, ciyawa ta sha kanta. Ta maƙwabta tas, layi-layi. Tamu kamar gonar da mai ita ya mutu.

Samad ɗinmu, wato wanda ke kawo mana saƙon mufattish, jami'in duba gonaki, ya same ni a bakin ruwa. Mutumin kirki ne, da kunya ya yi maganar. Ya ce, "Ya Hajja, ki gaya wa Alhasan mufattish zai zagayo ƙarshen wata. In ya ga haka zai rubuta. Wanda aka rubuta sau biyu, kin san ana iya karɓe hawasha." Bara an riga an rubuta mu, saboda tahunar nan dai.

Da maigidan ya dawo na gaya masa, kuma ban tsaya nan ba. Na ce, "Baban Aishatu, da ka buga hatimin nan da mun ɗauki 'yan ƙodago jibi. Kana niƙa wa duk hilla, gidanka zai rasa abin niƙawa."

Ya ce, "Gaskiya kika faɗa."

Na jira ya ƙara wani abu. Ya ce, "Gaskiya kika faɗa, Sakina. Amma in na buga yau don ciyawa ta dame ni, wanda zai hau kujerar bayana zai buga don yana son raƙumi, kuma babu mai hana shi, don ni na buɗe masa ƙofa."

Na ce raƙumin wani bai dame ni ba. Ya yi dariya, ta farko tun ranar Talata. Ya ɗauki hauya ya tafi gona da ɗan abin da ya rage na rana. Mutum ɗaya da hauya ɗaya a cikin wannan dajin.

Laraba, 13 ga Satumba, bayan La'asar

Tahuna ta tashi. Makaniki ya zo daga Madani ya duba injin ya ce lafiyarsa lau. Ba a sami wanda zai tsaya a wurin Mati ba, kowa yana da uzuri. Baban Aishatu ya naɗe hannun riga ya tsaya da kansa. Kafin ya tayar, sai da ya sa maƙeri ya ƙera murfin ƙarfe ya rufe bel ɗin injin, wanda ya kama hannun Mati. Ya ce injin ba zai juya ba sai murfin yana kai, ko da hilla za ta koma turmi.

A bakin rijiya mata suna maganar tsohon murfin, wanda ya karye tun farkon damina, da wanda aka aika Madani ya sayo sabo ya dawo ba shi. Da na iso suka koma zancen tsadar sukari.

Abin da ake cewa game da Yaya Maliki ba zan sa shi a nan ba.

Juma'a, 15 ga Satumba, bayan an sauko masallaci

Liman ya sanar: taron masu hannun jari Juma'a mai zuwa bayan La'asar, ƙarƙashin darbejiyar tahuna, maza da mata.

Yaya ya biyo ta gida, ya san maigidan yana gona. Ya zauna a kan turmi kamar lokacin da muke yara. Ya rame. Idonsa ya faɗa.

Ya ce, "Ki yi wa mijinki magana. Ba don ni ba. Kin san sau nawa na bar gonata na tafi Madani neman man injin da kuɗin motata? Kin san mutane suna buga mini ƙofa tun asuba? Wanda ke aiki a banza, Sakina, ko ya gaji ya ajiye, ko ya fara mantuwa. Mutum yana mantuwa in abu ya yi masa yawa."

Ya tsaya a nan. Ni ma ban ce ya ci gaba ba.

Na ce, "Yaya, ai bai hana ba. Cewa ya yi a tambaya."

"A tambayi wa? Mutanen da ke ganin duk wanda ya riƙe mabuɗi ɓarawo ne?"

Na ba shi ruwa ya sha. Akwai gaskiya a maganarsa, kuma ɗan'uwana ne. Na so in dafa kafaɗarsa, hannuna ya ƙi.

Lahadi, 17 ga Satumba, da hantsi

Baban Aishatu ya shiga bin gidaje. In ya kashe injin da Azahar ba ya zuwa gona kai tsaye, sai ya bi gida-gida yana gaya wa kowa abin da za a tattauna, don kada wani ya je taro ya ce ba a gaya masa ba. Ga abin da yake faɗa, na ji da kunnena a gidan Iya Ramatu da na kai mata gyaɗa: ribar bana kaɗan ce. Akwai maganar mahiyyar lajna. Akwai kuma maganar Mati, da abin da zai ci da iyalinsa. Abin da ke akwai ba zai ɗauki biyun ba.

Iya Ramatu, tsohuwar da ta fi kowa shekaru a jam'iyya, ta kalle shi ta ce, "Alhasan, kai da kake neman a biya ka, kai ne kuma kake yawo kana gaya wa mutane dalilin da zai sa su hana ka? Wane irin mai roƙo ne kai?"

Ya ce, "Iya, ba roƙo nake ba. Aiki kuka ba ni, ina kawo muku labarinsa."

Ta ce, "To zauna ka ci gyaɗar matarka, ko ita ma sai an yi taro?"

Ya ci. Ni kuwa na juya baya don kada a ga fuskata. Ina jin haushinsa, wallahi ina ji. Amma da na ga yadda ya durƙusa a gaban tsohuwar nan yana yi mata bayani dalla-dalla kamar ita ce mufattish, sai na tuna dalilin da ya sa Baba ya ce ko ba shi da hawasha zai ba shi ni.

Talata, 19 ga Satumba, bayan Magariba

An dawo da Mati. Ya sa rigar Juma'ar. Tela ya yi aiki mai kyau.

Laraba, 20 ga Satumba, da asuba

Ciyawa ta kai gwiwa.

Alhamis, 21 ga Satumba, bayan La'asar

Sai yau abin ya faɗo mini sosai: gobe ni ma zan zaɓa. A jam'iyya kowa murya ɗaya gare shi, mai hannun jari goma da mai ɗaya. Tawa ɗaya ce da ta liman.

Na sami Baban Aishatu yana wanke garin da ya toshe masa gashin gira. Na ce, "Gobe ina zan tsaya?"

Ya ce, "Da kuɗina kika sayi hannun jarinki?"

"Da gyaɗata."

"To ki tambayi gyaɗarki."

Na ce ba wasa nake ba. Ya goge fuska ya zauna. Ya ce, "Ni ma ba wasa nake ba. In na gaya miki inda za ki tsaya, na buga hatimin ke nan ta bayan gida. Abu ɗaya zan roƙe ki: duk inda kika tsaya, kada ki zo ki ba ni haƙuri."

Na shiga ɗaki na kwanta da rana, abin da ba na yi. Ina ganin hawasha. Ina ganin rigar.

Juma'a, 22 ga Satumba, bayan Magariba

Bari in rubuta tun ban manta yadda aka yi ba.

Ban taɓa ganin hilla ta taru haka ba in ba salla ba. Maza a gaba kan tabarmi, mu mata a baya. An kawo wa Mati kujera. Hadizatu tana kusa da ni, ba ta kalle ni ba, ni ma haka.

Baban Aishatu ya miƙe ya yi sallama. Ya faɗi abin da ya shigo da abin da ya fita, bai daɗe ba. Sannan ya ce, "Kafin a shiga komai: abin da ya sami Mati a hannuna ya same shi. Ni ne shugaba. Na ga injin yana juyawa ba murfi, ban kashe shi ba. Wanda yake da tambaya kan wannan, ni zai tambaya."

Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce, "Wa aka aika Madani?"

Ya ce, "Ni na aika, ni kuma ban bi sawu ba. Ni za ka tambaya."

Na dubi Yaya. Kansa yana ƙasa.

Sai ya ba Yaya dama ya yi bayanin mahiyya, tunda shi ya kawo ta. Na zaci Yaya zai ƙi. Ya miƙe. Ya faɗi abin da ya faɗa mini a kan turmi, ban da na ƙarshen. Ya yi magana mai kyau. Wasu dattawa suna gyaɗa kai. Da ya zauna Baban Aishatu ya ce, "Abin da Maliki ya faɗa gaskiya ne, ni shaida ne. Aikin yana cin gona. Tawa kun gan ta." Aka yi 'yar dariya, don kowa ya gan ta.

Sannan ya ce, "Yanzu mu uku za mu tashi. Ba a yanka wa mutum rabo yana zaune yana kallon bakin mai yanka. Liman zai riƙe muku taro. In kun gama ku aiko."

Ya ajiye hatimin a kan tabarma gaban liman, suka tafi can bakin tur'a inda ba sa ji. Abdussalami yana ta waiwaye.

Sai aka ɓarke. Wani ya ce lajna ba ta cancanci ko girshi ba. Wani ya ce in ba a biya su ba za su ajiye, wa zai ɗauka, kai? Wani ya ce a raba biyu, rabi Mati rabi lajna, aka ce masa rabin ba zai ciyar da Mati ba, ba kuma zai nome gonar kowa ba. Mati da kansa ya nemi magana. Ya ce, "Ni dai kada a hana Alhasan saboda ni. Shi ya ɗauke ni."

Iya Ramatu ta sa aka tashe ta. Ta ce, "Ni ba na ganin allo, ba na jin lissafi. Amma na san yaron nan zai iya ɗauka bai tambaye mu ba, ya tambaya. Bana ba mu da abin ba shi. To a rubuta cewa baɗi in an yi taro maganar lajna ce farko, mu za mu yanka musu, da hannunmu. A kuma rubuta cewa har abada babu lajnar da za ta yanka wa kanta." Aka ce a rubuta. Wannan babu wanda ya ƙi.

Saura na bana. Liman ya ce tunda mata suna baya ba a ganin hannuwansu, a tashi tsaye. Wanda ya yarda a fara biyan lajna bana ya koma gabas wajen masallaci. Wanda ya ce a bar wa Mati ya koma yamma wajen tahuna.

Maza suka fara motsi. Gabas ta yi mutane, ba kaɗan ba, har da samad da maƙeri. Mata kuwa ba wadda ta motsa. Sai na lura ni suke kallo. Matar shugaba, ƙanwar ma'aji. Suna jin nauyin su wuce ta gabana.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na gyara mayafi na tafi yamma na jingina da bangon tahuna. Bangon da ɗumi. Sai na ji su a bayana, zannuwa suna ta shuu. Hadizatu ba ta tashi ba, ta ce ita ba za ta zaɓar wa kanta ba, ta zauna a tsakiya ita kaɗai da mijinta.

Yamma ta fi yawa. Ba da nisa ba, amma ta fi.

Aka aika suka dawo. Liman ya gaya musu. Ina kallon fuskar Baban Aishatu, na san ta fiye da kowa. Ya ji zafi. Na ga muƙamuƙinsa ya motsa sau ɗaya. Sannan ya ce, "Alhamdu lillahi. Mun ji, mun karɓa. Abdussalami, rubuta yadda suka faɗa, kada ka gyara ko kalma." Da aka gama rubutu aka karanta wa jama'a, ya durƙusa ya ɗauki hatimin ya buga.

Yaya ya ajiye mabuɗin akwati a gaban liman ya ce a nemi wani. Baban Aishatu ya ɗauka ya bi shi har bakin hanya. Ban ji abin da suka ce ba. Ya dawo ba mabuɗi a hannunsa.

Ya ci abinci yau, ya ƙara. Bai tambaye ni komai ba. Ban ba shi haƙuri ba.

Asabar, 23 ga Satumba, da hantsi

Na gamu da Yaya a hanyar rijiya. Na gaishe shi. Ya amsa wa ƙasa.

Litinin, 25 ga Satumba, bayan La'asar

Na ɗauki hauya na tafi hawasha tun asuba. Rabona da noma tun ina gidan Baba. Kafin hantsi tafin hannuna ya yi ruwa.

Hadizatu ta zo ta kama layin da ke kusa da nawa. Daga baya mata uku suka zo, cikin waɗanda suka bi ni yamma. Iya Ramatu ta aiko da kunu. Na zaci hilla za ta fito gayya, ba ta fito ba. Kowa yana da ciyawarsa, kuma wasu suna ganin sun gama nasu tun ran Juma'a. Ban ji haushi sosai ba. Kaɗan dai.

Maigidan yana tahuna. Mati yana zuwa yanzu ya zauna a kujera bakin ƙofa yana koya masa injin da kunne: in ya yi kaza ƙara mai, in ya yi kaza kashe. An ce jiya ya daka wa shugaba tsawa a gaban mutane, shugaba ya ce, "To, malam."

Laraba, 27 ga Satumba, bayan Azahar

Da muka isa yau mun tarar an nome layuka da dama ta can ƙarshen gona, wajen da ba mu kai ba. Sabon noma, ƙasar ba ta bushe ba. Na san saran hauyar nan. Tun muna yara Yaya yake barin ciyawa tsibi-tsibi a hagunsa, Baba yana faɗa.

Ban je na yi masa godiya ba. Zai ce ba shi ba ne.

Asabar, 30 ga Satumba, bayan Magariba

Mufattish ya zo. Ya zagaya da samad, Baban Aishatu yana biye da su da gari a gashinsa. Gefen da ke bakin ruwa mun cece shi, da na ƙarshe. Tsakiya kuwa ciyawa ta riga ta shaƙe audugar, ta yi ja, ba za ta yi komai ba. Bai rubuta mu ba. Ya ce ya ga ana aiki, amma zai dawo.

Abin da za mu tsinta bana ba zai kai na bara ba, na bara ma bai kai ba. Ba zan yi sabon zane da salla ba, kuma ɗakin da muka ce za mu ƙara ya sake jira.

A hanyar dawowa muna tafe mu biyu a kan gaɓar tur'a, ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "An ce ke kika fara tashi."

Na ce, "An faɗa daidai."

Ya yi tafiya kaɗan. Ya ce, "A bakin tur'a ran nan ina ta addu'a gabas ta yi yawa. Ba zan ɓoye miki ba."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Da ni ne ma yamma zan je. Amma na ji daɗi da ba ni aka tambaya ba."

Ya karɓi hauyata ya haɗa da tasa a kafaɗa.

Lahadi, 1 ga Oktoba, bayan Azahar

Garinmu ya ƙare, na kai dawa tahuna. Rabona da shiga wurin da kwano tun ranar. Na tsaya a bakin ƙofa. Mati yana kujerarsa, ya ce, "Shigo, Sakina, an rufe shi."

Layin ya yi tsawo har waje. Matan suka ce in wuce gaba, wata ta ɗauki kwanona ta miƙa ciki tana cewa, "Na matar shugaba ne, hannunta duk ciwo." Ya karɓa, ya duba, ya gane kwanon gidansa. Ya fito da shi da kansa, fari fat da gari har gashin ido, ya ajiye a bayan na ƙarshe.

Ya ce, "Sannu da zuwa, ya Hajja. Layi ne."

Matan suka yi masa ca. Iya Ramatu ta ce da ita ce yau ba zai ci tuwo ba. Ni dariya ta hana ni magana. Na zauna a inuwar bango har rana ta take, aka zo kaina.

Garin ya yi laushi. Ya fara iya injin.